Iskar da aka kulle a cikin gwangwanin fenti

Ɗiga mai a kan farar takarda ka ɗaga ta sama. Wurin da man ya taɓa zai koma garau, har ka hango rubutun da ke bayanta. Man bai ɗebe komai daga jikin takardar ba, iskar da ke maƙale tsakanin zaruruwanta kawai ya kora ya zauna a gurbinta. Ke nan farin nan da ke tare ido da hannun iska a cikinsa. Haka kumfar sabulu take: ruwan garau, iskar garau, amma da sun cakuɗa sai ka ga abu fari fat wanda ido ba ya ratsawa.

A kan wannan aka gina wani sinadari da masana'antun fenti suka fi shekara 40 suna aiki da shi, wanda suke kira opek polima. Ƙwayoyin roba ne ƙanana ƙwarai, kowace da kogo a cikinta. Abin da mai haɗa fenti yake biya wa kuɗi shi ne iskar da ke cikin kogon, robar kuwa ɓawo ce da aka yi don kada wani abu ya shiga ya cike wurin. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin kusan duk ƙa'idojin aiki da ita, ya kuma gane abin da ya sa take ba wasu kunya.

Fenti yana ɓoye abin da ke ƙarƙashinsa ta hanya biyu: ko ya shanye hasken, kamar yadda baƙin fenti ke yi, ko ya watsa shi ya maido shi kafin ya kai ga bango. Farin fenti ba shi da damar shanyewa, in ya shanye ya daina zama fari, don haka watsawa ce kaɗai makaminsa. Haske kuwa ba ya karkata sai a kan iyaka, inda ya fito daga wani abu ya shiga wani da ya bambanta da shi. Kowane abu yana da lambarsa ta karya haske. Ta iska 1.0 ce, ta ruwa 1.33, ta maɗauri, wato gam ɗin akirilik da ke riƙe komai idan fenti ya bushe, kusan 1.5. Garin alli na kalsiyam kabonet yana wajen 1.6, farar laka ta kawolin 1.56. Titaniyam dayoksaid nau'in rutayil, sarkin farin launi, yana kan 2.7.

Tazarar da ke tsakanin lambobi biyu ita ce abin dubawa. Lissafin Fresnel mai sauƙi yana nuna kason hasken da ke dawowa daga iyaka guda: a ɗebe ƙaramar lamba daga babba, a raba da jimillarsu, a ninka sakamakon da kansa. Titaniyam a cikin maɗauri yana ba da kusan kashi 8 cikin 100. Alli a cikin maɗauri yana ba da ɗaya cikin 1,000, wato kusan babu. Shi ya sa garin allin da ke fari tas a cikin buhu yake ɓacewa da zarar gam ya jiƙa shi, domin farin da ake gani a buhu na iskar da ke tsakanin ƙwayoyinsa ne. Iska a cikin ɓawon polisitirin, robar da ake yin ƙwayar da ita, mai lamba 1.59, tana ba da kusan kashi 5. Wannan lissafi na shimfiɗaɗɗen fili ne, ƙwayoyi 'yan mitsi-mitsi suna da nasu lissafin mai wuya, amma jerin bai sauya ba: titaniyam a gaba, iska na biye, sauran suna can baya.

To me zai hana a zuba titaniyam kawai a huta? Da farko tsada. A yawancin farin fenti mai kyau shi ya fi cin kuɗi a cikin kayan haɗi, domin sai an haƙo ma'adinin ilmenayit ko rutayil, an sarrafa shi da asid ɗin salfa ko da kulorin kafin ya zama farin gari. Sai kuma cunkoso, wanda shi ne mutane ba su cika sani ba. Ƙwayar titaniyam mai kyau faɗinta maikiron 0.2 zuwa 0.3 ne, maikiron kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. Filin da ƙwayar ke kama haske a cikinsa ya fi jikinta faɗi. Idan biyu suka matsi juna, filayensu sai su hau kan juna, su biyun su yi aikin da bai kai na biyu ba. Tun titaniyam yana wajen kashi 10 na busasshiyar fatar fenti ake fara jin wannan asarar, idan ya doshi kashi 30 kuwa, ƙarin da ake zubawa kusan ba ya ƙara komai. Kilo na ƙarshe da aka zuba shi ne mafi ragwanta, kuma kuɗinsa ɗaya da na farko.

Masu yin fenti mai arha sun daɗe da sanin amfanin iska, sai dai ta hanyar da ke lalata fentin. A wannan sana'a akwai ma'aunin da ake kira PVC, ba robar bututun ruwa ba, kason da gari ya ci ne a cikin busasshiyar fata idan aka auna da lita. Akwai kuma gaɓar da ake kira CPVC, inda gam ya yi daidai da cike ramukan da ke tsakanin ƙwayoyin gari, ba ragi ba ƙari. Da an haura wannan gaɓa, gam ya gaza, iska sai ta zauna a ramukan da suka rage. Rufi, wato ƙarfin fenti na ɓoye bango, yakan ƙaru nan take, har titaniyam ɗin da ya yi iyaka da iska ya riƙa maido fiye da kashi 20 na hasken a maimakon 8. Amma ramukan a buɗe suke, suna haɗe da juna har zuwa saman fata. Shayi ya fantsama, ya shige ya zauna. A goga da jiƙaƙƙen tsumma, fentin ya biyo tsumman. Ana so a samu iskar ba tare da an buɗe wa datti ƙofa ba.

Kamfanin Rohm and Haas na Filadelfiya a Amurka shi ya fito da maganin wannan a farkon shekarun 1980, da sunan Ropaque. Kamfanin Dow ya sayi Rohm and Haas a 2009, yanzu kuma wasu ma suna yin irinsa, kamar Celocor na Arkema da AQACell na BASF. Irin wanda ake sa wa fentin gini faɗin ƙwayarsa wajen maikiron 0.4 ne, kogon ciki wajen 0.3, kaurin ɓawon kuwa wajen 0.05. Sai an jera kusan 200 kafin su kai kaurin gashin kai ɗaya. Ba da ka aka zaɓi girman kogon ba: hasken da ido ke gani tsawon zangonsa maikiron 0.4 zuwa 0.7 ne, kogon da ya kai kusan rabin wannan shi ya fi watsa shi. Wanda ya yi ƙanƙanta da yawa haske yana wuce shi kamar babu shi, wanda ya yi girma da yawa kuma yana cin wuri ba tare da ya ƙara yawan iyakoki ba. Kogon yana cin kusan kashi 44 na ƙwayar, shi ya sa litar busasshiyar polimar ba ta wuce kilo 0.6 ba, alhali ta titaniyam kilo 4 ce.

Yadda ake huda abin da ido ba ya gani shi ne wurin da gwanintar take, kuma a gaskiya ba huda shi ake yi ba, kumbura shi ake yi daga ciki. Aikin duk a cikin ruwa yake, a babbar tukunyar sarrafawa mai abin motsawa, a zafin da ya kai digiri 80 ko ya ɗan wuce. Ana fara gina cibiya, ƙaramar ƙwaya da aka haɗa da metil metakirilet da asid ɗin metakirilik mai yawa, sulusi ko fiye. Muddin ruwan yana da tsami, cibiyar a dunƙule take, ba ta shan ruwa sosai. Sai a fara lulluɓe ta da sitirin, wanda zai daskare ya zama ɓawo mai tauri. Nauyin cibiyar galibi bai kai kashi ɗaya cikin 10 na ƙwayar da aka gama ba.

A nan matsala ta farko take. Cibiya mai son ruwa ce, sitirin kuma ba ya shiri da ruwa. In aka bar su da halinsu, sitirin zai gudu ciki ya ɓuya, cibiyar ta fito waje inda ruwa yake, abin ya koma bai-bai. Saboda haka ake sa wata siririyar riga a tsakani, wadda halinta ke tsaka-tsaki, ta manne da cibiya ta ciki, ta karɓi sitirin ta waje. Ana kuma ɗiga ɗanyen sitirin ɗin a hankali yadda kowane ɗigo zai daskare inda ya sauka kafin ya samu damar yawo. Idan lulluɓin bai cika ba, ana ganewa tun a tukunya: da an zuba sinadarin kumburawa, cibiyoyin da suka leƙo waje za su narke cikin ruwan, kwaɓin ya yi kauri kamar kamu, wani lokaci ya kama gaba ɗaya.

Kumburawar kanta da amoniya ake yi ko da soda mai ƙarfi. Sinadarin yana ratsa ɓawo ya tarar da asid ɗin cibiya ya mai da shi gishiri, gishirin kuma ya jawo ruwa ciki da ƙarfi, cibiyar ta kumbura ta tura ɓawon waje kamar ana hura balan-balan. Sai dai polisitirin ba ya laushi sai ya doshi digiri 100, a ƙasa da haka tsagewa zai yi maimakon miƙewa. Don haka ko a ɗaga zafi, ko a yi dabarar da aka fi yi yanzu: a tsayar da daskarewar, a bar wani kaso na ɗanyen sitirin ya jiƙa ɓawon ya tausasa shi, a kumbura, sannan a sake tayar da aikin ɗanyen ya daskare, ɓawon ya ƙage a sabon girmansa. Sau da yawa akan ƙara ɗan sinadarin da ke ɗaure zaren robar da juna don ɓawon ya ƙara ƙarfi. Ma'aunin yana da tsauri. Kumburi ya yi kaɗan, kogo ya yi ƙarami. Ya yi yawa, ɓawo ya yi siriri, ya lotse lokacin bushewa.

Abin da ke isa masana'antar fenti farin ruwa ne kamar madara, kusan kashi 30 na nauyinsa polima, kuma kogunan a cike suke da ruwa. Iskar ba ta shiga sai an shafa fentin ya fara bushewa: ruwan ciki ya fice ta jikin ɓawon a matsayin tururi, cibiyar ta motse ta lafe a jikin bango na ciki, iska ta gaje wurin. Ƙwayoyin gam da datti sun fi ƙarfin ratsa ɓawon, don haka kogon ya tsira.

Wannan yana da sakamakon da mai shafa fenti yake gani da idonsa. Lokacin da fentin yake ɗanye, iyakar da ke cikin ƙwayar tsakanin ruwa ne mai 1.33 da ɓawo mai 1.59, tazarar ba ta kai rabin ta iska ba. Fentin da aka rage wa titaniyam aka sa masa polima yakan yi kamar bai rufe ba a ƙarƙashin rola, tabon bango yana leƙowa, sai bayan ya bushe farin ya fito. Mai shafawa kuwa da ɗanyen yake yanke hukunci. In ya ga bai rufe ba zai ƙara lafta, ko ya ce fentin ruwa ne. Wannan ne ma yake taka wa masu haɗi burki tun kafin lissafin kuɗi ya taka musu: za a iya kai wa ga haɗin da ya yi daidai a bushe amma ya faɗi a ɗanye, kuma kasuwa ba ta jiran bushewa.

Masu sayar da polimar sukan ce aiki biyu take yi, tana watsa haske da kanta, tana kuma raba ƙwayoyin titaniyam don kada su cunkushe. Na farkon babu gardama. Na biyun yana bukatar gyaran magana. Ka ɗauki manyan duwatsu ka zuba musu yashi, yashin dole ya taru a 'yan ramukan da ke tsakanin duwatsun. Haka garin ciko irin alli, mai manyan ƙwayoyi, na maikiron 5 ko 10, yake yi wa titaniyam. Ƙwayar polima kuwa kusan sa'ar titaniyam ce a girma, suna cakuɗa ba tare da ɗaya ta kora ɗaya lungu ba. Ke nan ribar tana fitowa ne idan polimar ta maye gurbin ciko mai manyan ƙwayoyi. In gurbin gam ta shiga, babu wata rabawa da ta ƙaru, domin gam ma ba ya matse titaniyam. Inda ta fi kowane ciko shi ne siffarta: ƙwallo ce mai santsi marar ramuka a waje, gam kaɗan ke isa ya lulluɓe ta, don haka takan ɗaga gaɓar CPVC sama kaɗan.

Lita da lita, polimar ba ta kama ƙafar titaniyam wajen watsa haske. Abin da ya sa cinikin ke ci shi ne titaniyam ɗin da ake cirewa wancan kilo na ƙarshe ne, mai ragwanta. A fentin da ke cike da titaniyam, cire kashi 10 zuwa 20 nasa ba ya rage rufi da yawan haka, polimar kuma tana iya cike giɓin. A fentin da dama titaniyam ɗinsa kaɗan ne, kowace ƙwaya tana aiki da dukkan ƙarfinta, cire ta asara ce da sai an zuba polima mai yawa kafin a maida. Shi kuwa fentin da ya riga ya haura CPVC yana da iskarsa ta kyauta, abin da polimar za ta ba shi ba arha ba ne, dama ce ta sauko da PVC ya ƙara jure wanki.

Ga misali na lissafi, da lambobin da aka zaɓa don su yi sauƙin bi. Haɗi yana da titaniyam kilo 200, wato lita 50. Yana da alli kilo 135, a kilo 2.7 kowace lita, lita 50. Yana da ruwan gam kilo 330 wanda rabinsa ne busasshe, kilo 165, a kilo 1.1 kowace lita, lita 150. Jimillar busasshiyar fata lita 250, gari ya ci 100, PVC ke nan kashi 40 cikin 100. A cire titaniyam kilo 30, wato kashi 15 nasa, lita 7.5. A zuba ruwan polima kilo 60. Busasshiyar da ke ciki kilo 18 ce, amma wurin da za ta ci a fata lita 30 ne, saboda kogon ma wuri ne. Kuma a lissafi tana ɓangaren gari, domin ba ta narkewa ta zama fata, ita ma sai gam ya riƙe ta. In ba a taɓa komai ba, gari ya zama lita 122.5 cikin 272.5, PVC ya tashi zuwa 45. Don a dawo 40 a kan lita 250, sai a cire alli lita 22.5, kusan kilo 61.

Kuskure biyu ake yawan yi a nan. Wani ya ga sunan polima sai ya lissafa ta tare da gam, ya ɗauka ya ƙara wa fentin ƙarfi, alhali ya ƙara wa gam ɗin nauyin da zai ɗauka ne. Wani kuma ya raba kilo 18 da nauyin polisitirin marar kogo, 1.05, ya samu lita 17 a maimakon 30. Lita 13 ɗin da suka ɓace masa sun isa su tsallakar da haɗin da ke kusa da gaɓa zuwa hayin CPVC bai sani ba. Abin haushin, gwajin rufi zai yaba masa, tunda ramuka sun buɗe. Sai an zo gwajin goga da na tabo asiri ya tonu.

Ruwan ma yana da nasa lissafin. A cikin kilo 60 ɗin akwai ruwa kilo 42, amma kusan 13 a kulle suke cikin koguna, ba sa taimaka wa fentin gudana. Wajen 29 ne kawai ruwan da ke sake, su za a rage daga ruwan haɗi. Wanda ya rage 42 duka zai tarar da fenti mai kauri fiye da yadda ya zata.

A masana'anta mataki biyu ne, niƙa da tsarmawa. A wajen niƙa, faifai mai haƙora yana juyawa da gudun da gefensa ke yin mita 20 zuwa 25 a daƙiƙa don ya wargaza dunƙulen gari. Polimar ba ta da abin da za a wargaza, a warwatse ta zo, zafin niƙa kuma ba alheri ba ne gare ta. Wurinta matakin tsarmawa, bayan an zuba gam, ana motsawa a hankali. Amma cire gari kilo 91 daga niƙa yana sa kwaɓin ya tsinke, faifan ya riƙa juyawa a banza bai kama komai ba, titaniyam ɗin da ya rage ya fito a dunƙule. Sai a rage ruwan niƙa daidai da garin da aka cire, a rage sinadarin warwatsa gari shi ma, domin rararsa tana sa fata son ruwa. Sau da yawa idan aka ce polima ba ta yi aiki ba, niƙan ne ya lalace.

Sinadarin kauri ma sai an sake auna shi. Irin wanda ke aiki ta hanyar maƙalewa a jikin ƙwayoyin roba ya samu sabon fili mai faɗi da zai maƙale, don haka kaurin fenti a gwangwani da yadda yake bin buroshi duk suna iya sauyawa. Haka sinadarin tausasawa, wanda ake sawa don ƙwayoyin gam su narke cikin juna su zama fata: polimar takan sha wani kaso nasa, gam ya rasa abin da zai ishe shi. Alamar ita ce fata mai tsattsagewa idan aka shafa a sanyi, shi ya sa ake gwada sabon haɗi a wajen digiri 5. Kada kuma a tuttula sinadarin tsagwaronsa a kan polimar, yakan haifar da tsakuwa-tsakuwa. A zuba a hankali, ana motsawa.

Babban abokin gabar kogon shi ne duk abin da ke tausasa polisitirin. Tolwin, zailin da sauran masu narkarwa irinsu suna shiga ɓawon su sassauta shi, idan ruwa ya zo ficewa sai ƙarfin jan bushewa ya matse ƙwayar ta lotse kamar ƙwallon da aka sace wa iska. Abin da ya rage roba ce mai lamba 1.59 a cikin gam mai 1.5, ciko mai tsada da ba ya rufe komai. Wannan lalacewa ba ta faruwa rana ɗaya, tana iya ɗaukar makonni a cikin gwangwani, don haka ake ajiye samfuri a digiri 50 na mako biyu a sake gwada rufinsa a kwatanta da sabo. Saboda wannan dalili ne irin na yau da kullum bai dace da fentin mai ba, sai nau'in da aka ɗaure ɓawonsa musamman. Fentin da ake gasawa a tanda shi ma yana wuce zafin da ɓawon zai jure. Sanyi kuma yana da tasa ɓarnar: ruwan polimar da ya ƙanƙare a ma'ajiya yakan dunƙule, kuma ba ya dawowa.

Akwai fentin da ba ya bukatarta sam. Launi mai duhu, ja wur ko shuɗi mai zurfi, farin da take kawowa kashe shi yake yi, sai an ƙara launi mai tsada a danne. A fenti mai tsananin sheƙi kaɗan ake sawa, domin duk ƙwayar da ta leƙo saman fata tana rage santsi. A marar sheƙi kuwa akasin haka ake fama da shi, cire manyan ƙwayoyin ciko yana sa ɗan ƙyalli ya bayyana idan aka kalli bango ta gefe, sai an bar wani kaso na ciko mai kaushi. Nauyi ma yana raguwa: a misalin can an cire kilo 91 na gari, abin da ya shiga wurinsa kilo 18 ne da ruwan kogo kilo 13. Ga mai sayarwa da lita wannan sauƙin dako ne. Ga mai cika gwangwani da sikeli kuwa, in bai gyara injinsa ba zai riƙa bayar da fenti fiye da abin da ya rubuta.

Gwajin rufi da kati ake yi, rabi baƙi rabi fari. A shimfiɗa tsohon haɗi da sabo gefe da gefe da ƙarfen shimfiɗawa mai tazara ɗaya, a bar su su kwana, a auna hasken da ke dawowa daga kan baƙin a raba da na kan farin. Sakamakon 0.98 shi ake ɗauka cikakken rufi. Sai dai wannan lamba tana da sauƙin yaudara, ɗigon baƙin launi a cikin farin fenti yana ɗaga ta saboda shanye haske, don haka a riƙa duba hasken farin shi kaɗai tare da ita. Lissafin Kubelka da Munk na 1931 shi ke raba watsawa da shanyewa ga mai son tantancewa. Hanya mai sauri kuma ita ce a zuba baƙin launi daidai wa daida a lita ɗaya ta kowane haɗi, wanda launin tokar da ya koma ya fi haske shi ya fi watsawa. Don gane ko rufin na kogo ne ko na buɗaɗɗun ramuka, a shafa farin mai a rabin busasshen katin. Man zai cike duk ramin da ke buɗe, rufin da ya dogara da su ya zube kamar na takardar nan. Abin da ya tsaya bayan mai shi ne na titaniyam da na iskar da ke kulle.

Masana'antar takarda tana amfani da manyansu, masu faɗin maikiron 1 da kogon da ya wuce rabi. A can ana so su ɗan lotse: idan takarda ta bi tsakanin rololi masu zafi, ƙwayoyin saman suna bajewa su ba da santsi da sheƙi. A takardar rasit ta zafi kuma ana shimfiɗa su a ƙarƙashi don su tare zafin injin bugawa kada ya tsere cikin takardar. Dow da kamfanin takarda na Koehler a Jamus sun wuce nan, suka yi takardar rasit da ba ta da sinadarin canza launi ko kaɗan, aikin da ya samu lambar yabo ta hukumar kare muhalli ta Amurka a 2017. Launi mai duhu ne a ƙasa, aka rufe shi da shimfiɗar ƙwayoyi masu kogo. Duk inda kan injin ya taɓa da zafi, kogunan wurin suna rushewa, shimfiɗar ta koma garau, duhun ƙasa ya leƙo a siffar harafi.